Jajiberi a Rumfar Cindo

Mun yanke riɗi, mun jingine shi ya sha rana,
hannu ya huta, sai baki ya karɓi aiki.
A rumfar Cindo mai cajin waya, bakin hanyar Gumel,
wayoyi arba'in kwance kan tabarma
kamar kifin da aka shanya,
kowacce da igiya a bakinta.

Barau ne ya tono maganar:
"Gobe fa sai wani ikon Allah.
Wasa ɗaya tal, wanda ya faɗi ya naɗe tabarmarsa.
Mu da ƙananan ƙasashe suka riƙe wa wuya a filinmu,
mu ne za mu je gidan wasu mu ɗauko gurbi?
Bayanmu rariya ne.
Mai tsaron raga kuwa, sai ka ce da karkashi ya wanke hannu."

Ilu ya tofar da ɓawon rake.
"Kai ko a ranar suna makoki kake hangowa.
Ɗan gabanmu fa? In yaron nan ya tashi sama
shirwa ce ta ga ɗan tsako.
Biyu da nema! Ga gawayi, rubuta a bango."
Ya miƙe ya rubuta da kansa,
biyun ta fito kamar agwagwa mai ciwon wuya.

Malam Tambaya, tsohon hedimasta,
ya share ƙasa da tafin hannu, ya kama lissafi:
da mun ci wasan farkon damina,
da alƙali bai hana ƙwallon nan ba,
da maki biyu, da uku, da...
Akuya ta bi ta kan lissafin, ta wuce abinta.

"An ce ma ba a biya su haƙƙinsu ba," in ji wani daga duhu,
"ciki da yunwa ba ya bin ƙwallo."
Ladidi mai awara ta juya matsami a cikin mai:
"Ni ma Barau bai biya ni ɗari ukun shekaranjiya ba,
ga ni kuwa ina suya."
Dariya ta kusa ɗage rumfar.

Baba Nomau bai yi dariya ba, kunnensa ya yi nisa.
"Mu da," ya ce, "ba ma ganin ƙwallo, jin ta muke.
Rediyo ɗaya, batir huɗu da muka shanya a rana.
An ci mu, mun ci, duk da safe muka ɗauki fartanya.
Amma wa ya taɓa ƙin shuka
don bara ruwa ya yaudare shi?"

Sai Cindo ya buga jarkar da ba kowa a ciki:
"Inji ba ya shan musu, jama'a.
Lita uku, ga kuɗin kati,
in ba haka ba gobe ku kalli taurari."
Hula ta zaga.
Ilu ya saka ɗari biyu da alkawari.
Malam ya saka ɗari da nasiha.
Barau ya juya baya, ya kwance bakin wando,
ya jefa dubu biyu sababbi, kuɗin riɗin da bai kaɗe ba.

"Kai da ka ce kashinmu ya bushe?"
"In za a binne naka, ai da kai ake zuwa maƙabarta."
Ya zare wayarsa, ko rabi ba ta cika ba, ya tafi.

Na bi ta bayan gidansu da dare ya raba.
A kan danga, cikin farin wata,
ga riga kore da fari, lambarta ta kusa gogewa,
an wanke ta yanzun nan,
ruwa na ɗiga daga hannunta.