Wasalin da Ya Ɓace a Bakin Babana

A Senja, inda teku ke cin gindin dutse,
babana Eilif ya shekara arba'in yana jan koma.
Ran wata Talata ya faɗi a bakin ruwa,
aka ɗauko shi ɓarin dama ya shanye,
leɓensa ya saki kamar igiyar da ta jiƙe.

Ni ce Torunn, 'yarsa, sana'ata rubuta sauti.
Shekara goma sha ɗaya ina Tromsø
ina bin bakin mutane da alƙalami,
kowane wasali in ba shi alamarsa.
Akwai wanda muke rubutawa kamar u,
sai mu gitta masa ɗan layi a ciki: ʉ.
Harshe ya tashi sama ya tsaya a tsakiyar baki,
bai kai gaba wurin i ba, bai koma baya ga u ba,
leɓɓa kuma su tattaru
kamar mai hura shayi.
Baƙi kan sha wuya da shi. Mu da shi muka tashi,
ban taɓa jin wanda ya yi godiya a kansa ba.

Da shi muke cewa hus, gida ke nan.
Da shi muke cewa ut, waje.
Da shi muke cewa du, kai ko ke,
kalmar da yake kirana da ita in ya manta sunana don fushi.

A asibiti ya buɗe baki zai ce du,
iska ta zube ta gefe guda.
Ya sake. Ya sake. Ya juya fuska ga bango.

Na kawo madubi, ya ture.
Na kawo tsinken shan lemo don leɓɓa su kama,
ya tauna shi, ya tofar.
Ni da ke koya wa ɗalibai ɗari
na rasa ta inda zan ɓullo wa mutum ɗaya.

Wata yamma, don rashin abin yi,
na zana alamar a bayan takardar abinci.
Ya daɗe yana kallo.
Sai ya karɓi biro da hannun hagu,
ya ja ruwa a ƙarƙashinta, layi uku karkatattu,
ya ɗora ɗan mutum a kan gicciyen.
Ashe kwalekwale ne, in ka dube shi ta goshi,
layin nan kuwa katakon zama.
Shekara goma sha ɗaya ina rubuta shi, ban gani ba.
Ya yi dariya da rabin baki.

Wata biyu rana ba ta leƙo ba, haka hunturunmu yake.
Kullum in zo, in zauna, mu tura leɓɓa
kamar kifaye biyu a cikin bokiti.
Ma'aikaciyar jinya Aslaug ta daina ɓoye murmushinta.

Ƙarshen Janairu, wajen sha biyun rana,
haske ya taɓa kan dutse, ja kamar garwashi.
Ya dubi taga, ya tattara abin da ya rage masa,
ya ce: ut.

Kunnena ya san aikinsa.
Harshen ya ɗan ja baya, leɓɓan ba su gama haɗuwa ba,
a takarda sai na ƙara wata 'yar alama a ƙasa.
Alƙalamin yana aljihuna.
Na bar shi can,
na je na ɗauko masa rigar sanyi da hula.