Kafin Ƙarfe Huɗu

Biyu saura kwata na buɗe imel,
na rubuta gaisuwa, na rubuta "ga takardar nan",
na miƙa hannu cikin jakar ofis ta kowa da kowa,
wadda ke zaune can ƙasa, cikin sito,
a baƙin akwati mai nishi kamar tsohon da ya hau bene.
Na danna. Sai zobe ya fito a allo,
ɗan ƙaramin zobe mai bin wutsiyarsa
kamar kwikwiyon da bai san tasa ce ba.

Sunaye ɗari uku da sha ɗaya ke ciki,
'yan fansho daga Rimi, daga Kaita, daga Batagarawa.
Abuja ta ce kafin ƙarfe huɗu.

Tasalla ta ce sabis ne.
Malam Rabe ya ce wuta ce, tun da aka koma janareta
komai na ofishin nan tafiyar hawainiya yake.
Masinja ya ce a kashe a kunna,
maganin da yake ba rediyo, da babur, da ciwon kai.
Na kashe. Na kunna.
Zobe ya dawo, ko sallama babu.

Aka kira Mannir daga hawa na biyu.
Ya zo da sukudireba a aljihu, gyaɗa a tafin hannu,
bai ko zauna ba ya ce,
"Aika mini wani abu daga teburinka."
Na aika. Ya tafi kamar an harba gwafa.
"To, hanyar waje lafiya lau. Ciwon na cikin gida ne."

Ya buɗe jakar. Fayil dubu tara.
Takardun hutun mutanen da suka riga mu gidan gaskiya,
hotunan walimar wani darakta,
"sabo", "sabo na gaske", "na ƙarshe kar a taɓa".
Ya ce, "Mai gadin ƙwayar cuta
sai ya laluba aljihun kowa a nan
kafin ya bar mutum guda ya fita ƙofa.
Kai kuma ka aza tukunya kan wuta
sannan ka tafi rumbu neman gero.
Ɗebo tukuna. Ajiye a gabanka. Sannan ka haɗa."

Amma ko ɗibar ma ja take kamar guga a rijiya gaba arba'in.
Sai ya naɗe wando, ya duƙa,
ya bi waya da yatsa kamar mai bin sawun ɓarawo,
gindin bango, bayan labule, ƙarƙashin tabarmar salla,
har bayan kabad ɗin ƙarfe.
Nan ya same ta, ƙafar kabad a wuyanta,
ta baje ta zama kilishi.
Mu huɗu muka ɗaga, har da Malam Rabe da ciwon bayansa.
Sabuwar waya. Na ɗebo, na ajiye, na haɗa.
Huɗu saura ashirin takarda ta bar Katsina.

Na fito baranda shan iska.
Baba Abashe na kan benci tun hantsi,
lamba ta ɗari biyu da shida a jerin,
hularsa a gwiwa, kuɗin motar Kaita ƙulle a bakin riga.
Na ce, "Baba, awa biyu na yi ina kallon zobe."
Ya yi dariya da haƙoransa uku.
"Awa biyu, yaro?
Ni shekara shidda nike kallon nawa.
Ba a dai samu mai duƙawa bayan kabad ba."

Ladan ya ɗaga murya wajen Ƙofar Soro.
Mannir ya jefa matacciyar wayar a kwando.
Na ɗauko ta, na kakkaɓe,
na sa a aljihun tebur, kusa da hatimi.