Hayin Kogi

Ban taɓa riƙe fasfo ba.
Jirgin sama, daga tsakar gidanmu a Unguwar Sanusi
nake hango cikinsa, fari kamar na tarwaɗa,
ya yi wajen Mando ya ɓace.

Sai ga Dakta Ladidi wata Talata,
igiyar lantarki naɗe a damtsenta.
Ta ce wanda bai sami zuwa kasuwa ba
a kawo masa kasuwar ƙofar gida.
Ta rataya farin ƙyalle jikin allo,
janareta ya yi tari sau uku kafin ya yarda,
sai ga fuskoki goma sha biyu daga Surabaya,
su da la'asar, mu da hantsi,
rana ɗaya ta raba kanta biyu.

Aka haɗa ni da wata Wulan.
Turancinta na ɗingishi, nawa na rarrafe,
muka dafa juna muka yi gaba.
Ta nuna mini wake da suka kwantar a ganyen ayaba
har ya yi furfura ya manne.
Na ce ai haka muke yi wa kalwa.
Mako na zagayowa na zo da daddawar Inna a leda,
na ɗaga ta saitin idon kwamfuta.
Wulan ta ce, kai, abin sha'awa.
Ajinmu kaf ya toshe hanci yana dariya.
Wari ba ya bin waya. Da ta sani.

A zama na huɗu ta jefo tambayar.
Wanda ke gefenka kullum, mai agogon roba,
na ji ya amsa waya da wani harshe daban,
yaya ake cewa sannu a bakinsu?

Na waiga. Didam ne.
Shekara uku benci ɗaya,
ya ara mini biro, na ara masa caja,
na haddace lambar jarrabawarsa,
ban san sunan da mahaifiyarsa ke kiran ruwa ba.
Gidansu na Sabon Tasha, hayin kogi,
mota ɗaya ce, ko sauyi babu.
Tun ina ƙarami ake ce mini can ba wurin zuwa ba ne,
shi ma haka aka gaya masa game da nan,
muka gaji tsoro yadda ake gadon gona,
ba wanda ya tambayi wa ya sare dajin.

Daidai nan janareta ya mutu.
Ƙyalle ya koma ƙyalle.
Cikin zafin ajin, Didam ya faɗi kalmar, a hankali.
Na ɗauka, ta karye a harshena.
Ya yi dariya, ya ɗora ta, ya sake miƙo mini.

Ranar Asabar na shiga bas.
A kan gada na leƙa:
ruwan damina, ja, ɗauke da rassa da robobi,
ban ga kada ko ɗaya ba.
Mahaifiyarsa ta zuba mini faten acca har ya yi tozo,
ta ce ci, ɗana, karatu ya tsotse ku.
Na gaishe ta da kalmar nan tawa mai ɗori,
ta ajiye ludayi ta dube ni,
sannan ta tambayi lafiyar Inna
kamar tare suka yi tashe.

Talata na kai wa Wulan amsarta.
Ta rubuta a tafin hannu, ta nuna wa 'yan ajinsu.
Dakta Ladidi ba ta ce komai ba,
tana can tana naɗe igiyarta.

Har yau ba ni da fasfo.
Akwai dai jar lakar Sabon Tasha a dunduniyar takalmina.
Inna ta ce in wanke.
Na ce to, gobe.