Gora Biyu

Zayyana, sakataren ƙungiyarmu,
wanda ko kuɗin karo-karo ba ya ƙirgawa daidai,
shi ya rubuta dokokin a bayan takardar kuɗin wuta,
ya kafa da ƙusa a jikin darbejiyar
da ke bakin filinmu na Ƙofar Sauri.

Mai tari ya zauna gida.
Mai zazzaɓi, kwana goma sha huɗu.
Wanda ya raɓi mai zazzaɓi, shi ma haka.
Kowa da gorar ruwansa.
In an zura ƙwallo, ban da runguma.

Ɗan'asabe ya ce ta ƙarshen ba ta shafe mu ba,
yaushe rabonmu da zura ƙwallo?
Muka yi ta dariya, muna dogare da gorunan wasa
kamar makiyayan da shanunsu suka ɓace.

Ni na fara.
Ran Talata Bara'atu na soya albasa,
ina tsaye a kanta, ban ji komai ba.
Na kai daddawa hanci, sai ka ce na shinshini dutse.

Ɗakin baya aka share mini,
tsakanin buhun gero da mataccen keken ɗinki.
Shekara tara ina tsaron raga,
ina hana abu shiga.
Yau an ce in hana abu fita.

Gorar wasata ta zama hannuna.
Da ita nake jawo kwanon tuwo daga bakin ƙofa,
da ita nake mayar da shi.
Bayan la'asar Rumasa'u kan gangaro goruba
ta ƙarƙashin ƙyaure, tana tambaya,
Baba, ka tare?
Nakan ɗage gorar in bar ta ta wuce,
don in ji ihun da ban isa in gani ba.

Amma ba tarin ke hana ni barci ba.
Ran Lahadi, rana ta take, maƙogwarona ya bushe,
na ɗauki gorar Malam Rufa'i na kafa kai.
Malam Rufa'i, mai shekara sittin da bakwai,
mai ciwon suga,
wanda ya koya mini riƙon sanda ina ɗan firamare.
Ya gan ni. Bai ce komai ba. Ya karɓa ya sha saura.

Kwana biyu ina juya wayar a hannu
kafin na kira Zayyana na faɗa.
Mutum goma sha ɗaya suka shiga ɗaki saboda ni.
Wasan da za mu je Daura ya sha ruwa.
Hambali, da sai ya tuƙa a-daidaita yake cin tuwo,
ya bar ɗaga kirana,
kuma ban ga laifinsa ba.

Ina jan layi da gawayi a bango,
layi biyu kowace asuba,
ɗaya nawa, ɗaya na tsohon.
In na ji sanarwar rasuwa daga lasifikar masallaci
sai in riƙe numfashi har a ambaci suna.
Astagfirullah, nakan ji sanyi
in sunan na wani ne.

Ran na goma sha biyu aka ajiye leda a ƙofa.
Sabuwar gora ce, shuɗiya,
an rubuta sunana da jan fenti,
a ƙasa kuma, da rubutun nan nasa mai karkata:
Ka iya tare ƙwallo, ka kasa tare ƙishirwa.

Na zauna kan buhun gero na daɗe.
Daga nan na jawo jakar kayan tsarona,
in ga ko ɓera ya yi mini ɓarna.
Ina zuge zip, wani wari ya buge ni,
gumin shekara tara, tsamin safa, ruɓaɓɓen soso.
Na cusa fuskata ciki.
Bara'atu, na ƙwala kira,
zo ki ji, hancina ya dawo.
Ta ce daga tsakar gida, saura kwana biyu.