Bashin Inuwa

Ni ne Nomau mai gatari,
Ɗan Arzika na bakin marina.
Shekara talatin da 'yan kai
Ina cin tuwo da wuyan kirya,
Kowa ya san ni a Kangiwa.

Marken nan na hanyar Yeldu
Ni na kayar da shi.
Kwana biyu muna kokawa,
Ya faɗi kamar an rushe soro,
Tsuntsaye suka yi ta kewaya sama
Suna neman ƙofar gidansu.
Buhu tara na gawayi ya ba ni,
Na saya wa Tumba atamfa,
Na ce daji ba ya ƙarewa.

Ashe yana ƙarewa.
Tsamiyar maƙabarta kaɗai ta tsira,
Ita ma don tsoron masu ita.
Rairayi ya shigo gonata ba sallama,
Ya zauna a kan kunya bakwai.
Gero ya leƙo, ya duba, ya koma,
Damina ta zama baƙuwa.

Bara waccan sai ga motoci,
Da rumfa da kujerun roba da lasifika.
Wai ƙasa duka za a yi dashe,
Daga nan har inda rana ke fitowa,
Miliyan kaza, adadin ya fi bakina.
Wani mai babbar riga ya durƙusa kan darduma,
Ya dasa ɗaya, aka yi tafi, aka ɗau hoto,
Ya wanke hannu da ruwan gora
Wanda ya fi abin da dashen ya sha.
Kafin la'asar sun yi gaba,
Awaki suka zo gaisuwa.

Ɗari huɗu aka bari a baƙar leda,
Jere a bayan firamare,
Dalbejiya, dakwara, bagaruwa,
Kamar yara a layin allura.
Jikata Kulu ta ja mini riga:
"Kaka, wa zai ba su ruwa?"

Ban amsa ba.
Daren nan ban runtsa ba.
Kirya nawa, gawo nawa, taura nawa,
Da ɗorawar da na sare tana da fure?
Carbina ya zagayo sau uku,
Lissafi ya ƙi tsayawa.

Da asuba na aza wa jaki jarka huɗu.
Rijiyarmu gaba ashirin ce,
Igiya ta san tafin hannuna.
Gatarin nan dai shi na saɓa,
Na saro ƙayar magarya,
Reshe kawai, ban taɓa uwar ba,
Na yi wa kowane dashe shinge
Kamar mai killace mai haihuwa.

An ce akwai alawus.
Wata biyu ya zo,
Na uku ya ɓata a hanyar Birnin Kabi.
Su Kakale suka aje guga,
Suka ce, "Nomau, aikin banza kake."
Na ce ku haya kuka zo yi,
Ni bashi nake biya,
Mai biyan bashi ba ya jiran godewa.

Ɗari da sittin bazara ta kashe.
Gara ta ci rabonta,
Raƙuma suka yi wa goma aski.
Sauran sun kai ni kafaɗa.
Jiya na ga kurciya
Ta aza tsinke biyu kan wata dakwara,
Na riƙe tarina har ta gama ɗorawa.

Tumba ta ce, "Tsoho, ka sani
Ba kai za ka zauna ƙarƙashinsu ba."
Na ce na sha tawa tuntuni,
Har na sha ta waɗanda ba a haifa ba,
Na sayar da ita buhu-buhu a kasuwa.

Ga Kulu can da littafinta
Gindin dalbejiya ta bakwai daga shinge.
Inuwar ta rufe kanta da rabin shafi,
Ƙafafunta har yanzu suna rana.
Tashi, jaki,
Da sauran ɗiban ruwa.