Faifan Ardella

Kwali tara ta jibge mini a gareji,
tsakanin tsofaffin tayoyi da jarkar baƙin mai.
Faifai ɗari biyar, kowanne da fuskarta,
ta runtse ido kamar mai jiran allura.
Ba kamfani, ba ubangida.
Motarta ta sayar ta biya sutudiyo,
dare goma sha ɗaya a wani ɗaki a kudancin Memphis
in ta taso daga kantin magani.

Ni dattijon coci ne.
Shekara talatin ina zagawa da farantin baiko.
Na san muryar Ardella tun tana taka akwati
don bakinta ya kai makirufo.
Ranar da ta shigo da jitar lantarki
na ce, wannan aba ba ta addu'a, haushi take.
Ta ce, Baba, Ayuba ma ai ba raɗa ya yi ba.
Wata huɗu, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Daren Talata na zari ɗaya a ɓoye,
na ja a-kori-kura har bakin Mississippi,
na kashe inji, na tura faifan.

Ta farko ta faɗo kamar an kifar da akwatin sifanu.
A ta uku tana ja-in-ja da Ubangiji
kan takardar kuɗin asibiti,
tana buga ƙofa da ƙarfi
irin bugun wanda ya tabbata mai gidan na ciki.

Ta bakwai babu ganga.
Famfo na zuba, kwano na taɓa kwano,
sai ga Vernice,
Vernice tawa, shekara shida a ƙasa,
tana rera zabura ta hanci, tana wanke-wanke.
Ashe yarinyar ta ɗauka a waya.
Inda numfashin uwar ya yanke
nan 'yar ta ɗora nata,
jitar nan mai haushi kuwa
ta zo ta kwanta a ƙafafunsu, ta yi lamo.

Jirgin dakon hatsi ya wuce a kan ruwa.
Wani ma ya wuce.
Na yi ta maimaitawa har batir ya mutu.
Ni, bakanike.

Dole na kira ta.
Ta zo a motar mai buga mata ganga,
riƙe da wayoyi, ja da baƙi.
Ta ga bangon faifan a kan kujera,
ta dubi idona, ta kau da kai.
Ta ce, dala sha biyar ne, Baba.
Na ba ta ashirin. Har yau ba canji.

Ran Lahadi Fasto Whitlow ya tare ni a ƙofa:
shin rok ne, ko sol, ko bishara?
Na ce, Fasto, wannan ya fi ƙarfina.
Abin da na sani, in inji ya tashi
tun daga tafin ƙafa ake jin sa.
Sha biyar ne. Akwai saura a mota.