Shafi Biyu Kafin a Huda Ƙanƙara

A Tartu, ƙarfe huɗu rana ta naɗe tabarmarta.
Ina hawa na uku, shayina ya huce,
fom ɗin masu ba da tallafi a buɗe gabana.
Sun ce kafin su saki ko sisi
sai na cika musu shafi biyu:
bayanan da zan kwaso daga tafkin Võrtsjärv,
ina za su kwana, wa ke riƙe da makulli,
wa zai iya buɗe su bayan shekara goma.

Ko ƙanƙarar bana ban huda ba,
ana so in raɗa wa ɗa suna tun ba a ɗauki cikinsa ba.
Na ja tsaki, na nemo amsar bara zan liƙa,
sai ƙafata ta bugi kwalin da ke ƙarƙashin tebur.

Kwalin Endel ne, wanda ya koya mini aikin.
Hunturu talatin da ɗaya yana taka bayan tafki,
sandar awo a hannu, fensir a kunne,
don biro daskarewa yake yi.
Littafi sha tara,
faifai shida da ba sauran na'urar da ke jin yarensu.
Lambobi reras kamar haƙoran mataji.
Amma jeri na huɗu, harafi ɗaya ya ɗora masa a ka: k.
Kaurin ƙanƙara ne, ko dusar da ta kwanta bisanta?
Santimita ne, ko tsagar da ya yi wa sandarsa da wuƙa?
Shi ya sani.
Da shi aka rufe sanin.
Ranar da Õie ta miƙo mini kwalin, cewa ta yi,
"Ni ma ko wasiƙunsa da ƙyar nake karantawa."

Na goge amsar bara.

Na rubuta: kowane jeri da cikakken sunansa da ma'auninsa,
da wanda ya auna, da irin iskar ranar.
Kwafi uku, ɗaya a wani gari,
cikin fayil maras ado da ba zai mutu da kamfaninsa ba.
Ramin da Tõnis masunci ya nuna mini,
bayan na yi masa alkawarin kama bakina,
zan faɗi yankin, ba zan faɗi wurin ba.
Sauran, kowa ya zo ya ɗiba.

Külli ta laburare ta leƙo, ta riga ta sa kwat.
"Wa kike rubuta wa haka, kamar wasiyya?"
Na ce wata yarinya ce, yanzu tana aji uku,
ba ta ma san za ta so tafki ba.

Saura minti sha ɗaya wa'adi ya cika, na aika.
Na zaro littafin Endel na bakwai,
na sa alamar tambaya kusa da k, da fensir,
a hankali, yadda mai zuwa zai iya gogewa.